Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi: Dalilin Ɓacewar Na'urorin Gida Idan An Kunna VPN

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai, a zaman musayar ilmi



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama ta tsayawa a gabanku. Batun da aka ɗora mana ƙarami ne a ido, amma wanda ya taɓa yin karo da shi ana gobe zai miƙa kundinsa ga malami, shi ya san nauyinsa. Ɗalibi ne zai kunna VPN a kwamfutarsa domin ya ɗauko wata maƙala, ko ya shiga ma'ajiyar ma'aikatar da yake koyon aiki, in ya gama ya ce a buga masa takarda, sai kwamfuta ta ce ba ta san da wata firinta ba, alhali ga firintar nan a kan tebur, fitilarta na ci. Haka majigin aji kan ɓace, haka ma'ajiyar fayiloli ta sashe kan ɓace, har shafin saitin rauta kan ƙi buɗewa. Da zarar an kashe VPN kuwa, sai kowa ya dawo kamar ba a yi kome ba.

Shekarun baya wannan matsala ta ma'aikatan manyan kamfanoni ce kawai. Amma a 2020 annobar korona ta mayar da ofisoshi da azuzuwa cikin gidaje, sa'an nan daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, mutane da yawa waɗanda ba su taɓa jin sunan VPN ba suka saka ta a wayoyinsu. Daga nan matsalar ta zama tamu. Abin da muke son mu tabbatar a yau shi ne, galibi idan hakan ya faru babu abin da ya lalace. Kwamfuta umurni aka ba ta, ta kuma bi. Wanda ya iya karanta umurnin zai gano inda gizo ke saƙa cikin 'yan mintoci, zai kuma san lokacin da ya kamata ya gyara da lokacin da ya kamata ya tsame hannunsa.

Lambobin gida da lambobin waje

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lamba, watau adireshinta. Tsarin da aka fi amfani da shi an tsara shi tun 1981, kuma lambobin da ke cikinsa duka-duka biliyan 4 ne da miliyan 294 da 'yan kai. A wancan zamani an ɗauka sun ishi duniya, amma a Fabrairun 2011 hukumar da ke rabon su ta raba rukunin ƙarshe da ya rage a hannunta. Tun kafin a kai ga haka masana suka hango ƙarancin, don haka a 1996 aka tabbatar da ware rukuni uku domin amfanin cikin gida kaɗai: lambobin da suka fara da 10, da waɗanda suka fara daga 172.16 zuwa 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Kowa yana iya amfani da su a gidansa ko a ofishinsa ba tare da neman izinin kowa ba, bisa sharaɗin ba za su fita sararin intanet ba.

Misalin waɗannan lambobi kamar sunan unguwa ne. Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano. Idan kana cikin Zariya ka ce da mai babur ya kai ka Tudun Wada, ba zai tambaye ka wacce ba. Amma wasiƙar da aka rubuta wa Tudun Wada kawai, babu sunan gari, aka jefa ta a gidan waya na wani gari, sai ta kai inda ba a nufa ba. Muna roƙon 'yan'uwa su riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Rauta kuwa ita ce zauren gida. Duk na'urorin da ke haɗe da ita 'yan gida ɗaya ne, suna magana da juna kai tsaye ba sai sun fita ba. Wanda ke son aika saƙo waje, ta zaure zai bi. Kwamfuta tana sanin wane ne ɗan gida wane ne na waje ta wani jadawali da take ajiye da shi, wanda za mu kira jadawalin hanyoyi. A mafi sauƙin sifarsa layi biyu ne. Na farko ya ce, duk lambar da ta fara da 192.168.1 ta ɗan gida ce, a miƙa masa hannu da hannu. Na biyu ya ce, duk sauran a kai zaure. Ƙa'idar da ke mulkin wannan jadawali ɗaya ce: idan layi biyu suka dace da saƙo guda, wanda ya fi fayyace adireshi shi ake bi. Kamar a ce da yaro, duk wasiƙa ka kai tasha, amma ta maƙwabci ka kai masa da kanka. Yaro mai hankali ba zai ɗauki ta maƙwabci ya nufi tasha ba.

Abin da VPN ke yi

Aikin VPN shi ne ta shimfiɗa rufaffen bututu daga kwamfutarka zuwa wata kwamfuta mai nisa, ta kulle kowane saƙo kafin ta zura shi, ta yadda mai Wi-Fi da kamfanin sadarwa za su ga ana aike amma ba za su iya karanta abin da ke ciki ba. Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa. Daga cikin sanannu akwai OpenVPN wadda James Yonan ya fitar a 2001, da WireGuard ta Jason Donenfeld wadda aka shigar cikin zuciyar Linux a 2020, da ta kamfanin Cisco wadda ma'aikatu da jami'o'i da yawa ke amfani da ita. Hanyoyin kullensu sun bambanta, amma dukkansu suna yin abu ɗaya idan an kunna su: sukan ƙirƙiri sabuwar ƙofa a cikin kwamfuta, sa'an nan su taɓa jadawalin hanyoyi domin saƙonni su bi ta wannan ƙofa.

Shiri iri biyu ne. Akwai wanda ake zura kome da kome cikin bututu, akwai kuma wanda ake raba hanya, saƙonnin ofis su bi bututu, sauran su bi zaure yadda suka saba. A shiri na farko OpenVPN tana da wata dabara mai ban sha'awa: ba ta goge layin zaure, sai ta raba dukan lambobin duniya gida biyu, ta rubuta layi ɗaya ga kowane rabi. Tun da rabi ya fi duka fayyacewa, sai layukanta su rinjayi na zaure, ranar da aka kashe ta kuma ta janye su, tsohon layi ya ci gaba da aikinsa.

A nan mai lura zai yi tambaya. Layin 'yan gida ai ya fi rabin duniya fayyacewa nesa ba kusa ba, to ashe bisa ƙa'ida bai kamata firinta ta ɓace ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa wasu ke amfani da VPN shekara da shekaru ba su taɓa ganin matsalar ba. Ruwa ba ya tsami banza. Idan na'urar gida ta ɓace, to ɗaya daga cikin dalilai huɗu ne ya gitta.

Dalilai huɗu

Dalili na farko, an toshe ne da gangan. Manhajoji da yawa ba sa tsayawa ga jadawali, sukan gina katanga a cikin kwamfuta wadda ke hana kowane saƙo fita sai ta bututu. Manufar ita ce, in bututu ya katse ba zato, kada saƙonni su zube a fili mai su bai sani ba. WireGuard ta Windows takan gina irin wannan katanga idan an umurce ta da ta kwashe dukan lambobi. Wayoyin Android suna da maɓallin da ke hana duk wata sadarwa da ba ta bi ta VPN ba. A manhajar Cisco akwai gurbin ba da izinin shiga sadarwar gida, amma ba ya aiki sai shugaban sadarwa na ma'aikatar ya yarda daga can ɓangarensa.

Dalili na biyu, karon lambobi, watau maganar Tudun Wada. Masu ƙera rauta sukan fito da ita da lamba ɗaya: da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ƙananan na'urorin Huawei da ake sawa a aljihu kuma galibi 192.168.8.1. Mutane kaɗan ne ke sauya wannan lamba. Idan gidanka yana kan 192.168.1, ofishin da ka shiga ta bututu shi ma yana kan 192.168.1, to kwamfuta ta sami unguwa biyu masu suna ɗaya. Ka ce a kai saƙo 192.168.1.20, firintarka kake nufi, ita kuwa ta zura shi bututu ya tafi neman mai wannan lamba a ofis. Wani lokaci akasin haka ke faruwa, firinta ta tsira, ma'ajiyar ofis ta ɓace.

Dalili na uku shi ya fi shafar mu mazauna jami'a. Sadarwar babbar makaranta ba gida ɗaya ba ce, unguwanni ne da yawa. A ce ɗakin kwanan ɗalibai yana kan lambobin da suka fara da 10.10, ɗakin kwamfuta na sashe yana kan 10.20. Kafin a kunna VPN, saƙon da za shi sashe yakan bi zaure, rautar makaranta ta miƙa shi. Kwamfutarka ba ta taɓa rubuta wa 10.20 layi na musamman ba, yana cikin "duk sauran" ne. Da VPN ta kwashe duk sauran, sai shi ma ta haɗa da shi, ya tafi wata ƙasa neman ginin da ke bayan tagarka.

Dalili na huɗu, hanya na nan amma suna ya ɓace. Mu mutane da suna muke kiran na'ura, kwamfuta kuwa sai an fassara mata suna zuwa lamba. A gida rauta ce tafinta. VPN takan sauya tafinta ta kawo nata, wanda bai taɓa jin sunan firintarka ba. Daɗin daɗawa, firintoci da talabijin na zamani ta hanyar shela suke sanar da kansu, kamar mai talla da ke kewaya layi yana faɗin hajarsa. Kamfanin Apple ya fito da irin wannan tsari a 2002, wanda daga baya aka sa wa suna Bonjour. Wannan shela ba ta wuce unguwa, kuma manhajojin VPN da dama sukan toshe kunnen kwamfuta daga jin ta.

Yadda ake bincike

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da magani kafin a san ciwo: a cire manhajar firinta a sake sawa, a kashe riga-kafin kwamfuta, a goge saitin rauta baki ɗaya, daga ƙarshe matsala ɗaya ta haifi uku. Bincike yana da tsari, kuma muna ba da shawarar a bi shi daki-daki.

Da farko a kashe VPN a gwada. In har na'urar ba ta bayyana ba, to VPN ba ta da laifi. Watakila firinta na kan wani Wi-Fi daban, ko kuma mai sadarwar ya hana baƙi ganin juna, abin da ake yawan yi a otal da ɗakunan kwanan ɗalibai. Idan lambar kwamfutarka ta fara da 169.254, ma'anarsa ba ta sami lamba daga rauta ba sam, ita ta laƙaba wa kanta.

Na biyu, tun VPN na kashe, a ɗauki biro a rubuta lambobi uku: ta kwamfuta, ta rauta, da ta na'urar da ake nema. A Windows umurnin ipconfig zai nuna biyun farko, firinta kuma takan nuna tata a allonta ko ta buga ta a takarda. Sa'an nan a ƙwanƙwasa ƙofar na'urar da umurnin ping haɗe da lambarta, domin a tabbatar mai amsawa ce, gama wasu na'urori ba sa amsa ping ko da lafiyarsu ƙalau.

Na uku, a kunna VPN a sake ƙwanƙwasawa. In ta amsa da lamba amma ta ƙi amsawa da suna, to dalili na huɗu ne, kuma maganinsa ya fi kowanne sauƙi: a sake saka firintar da lambarta maimakon sunanta, a kuma shiga rauta a keɓe mata wannan lamba don kada gobe a ba ta wata.

Na huɗu, in ta ƙi amsawa da lamba ma, sai a buɗe jadawali. A Windows umurnin route print ne, a Linux ip route, a Mac netstat -rn. Layukan za su yi yawa, kada su firgita kowa. Rukunin lambar na'urarka kawai za ka nema. In ka gan shi sau biyu, ɗaya ta ƙofar gida ɗaya ta ƙofar VPN, karon lambobi ne. Maganinsa a mayar da gida kan rukunin da ba kowa ke hawa ba, misali 192.168.57, idan rautar taka ce. In ba taka ba ce, sai a kai magana ga mai ita ko ga masu kula da VPN. In ba ka ga rukunin ba ko sau ɗaya, dalili na uku ne, sai a ƙara layi guda da zai ce saƙon 10.20 ya bi zauren gida. Yawancin manhajoji suna da wurin rubuta lambobin da aka keɓe daga bututu. In kuwa layin na nan daram, yana nuna ƙofar gida, amma shiru, to katanga ce. Sai a duba saitin manhajar, a nemi inda aka ambaci haruffan LAN, waɗanda ke nufin sadarwar gida.

Ƙofar wa za a buɗe?

Ya 'yan'uwa, a nan ne muke son a dakata a yi tunani, domin sanin yadda ake buɗe ƙofa bai ba mutum ikon buɗe ta ba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙofar da ka buɗe wa firinta ita ce dai tsagar.

A watan Agusta 2023 Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, tare da abokan bincikensa, suka bayyana wata dabara a cikin aikin da suka kira TunnelCrack. Mugu zai kafa Wi-Fi na kyauta, in ka hau ya ba ka lamba, ya gaya wa kwamfutarka cewa shafin da yake son leƙa maka ɗan gida ne. Tun da an umurci VPN da ta bar 'yan gida su wuce, sai saƙonka ya fita ta bayan bututu, kai kuwa kana ganin alamar VPN a kunne, hankalinka kwance. Sun gwada manhajoji masu yawa, suka sami akasarinsu na faɗawa wannan tarko, abin da ya sa kamfanoni suka fitar da gyare-gyare. A watan Mayu 2024 kuma masu bincike na kamfanin Leviathan suka nuna wata dabarar, TunnelVision, inda mai sadarwa ke amfani da wata dama da ke cikin tsarin rabon lambobi tun 2002 ya cusa layukansa cikin jadawalinka, layukan da suka fi na VPN fayyacewa. Android ta tsira daga wannan domin ba ta karɓar irin wannan umurni. Abin lura shi ne, duka dabarun biyu ba su fasa kullen ba. Ƙa'idar nan ta yaro da wasiƙar maƙwabci suka hau.

Bisa ga haka, kafin a taɓa kome a amsa tambaya biyu: sadarwar ta wa ce, VPN ɗin ta wa ce? Idan rautar taka ce, ka san duk wanda ke kanta, VPN ɗin kuma kai ka saka ta don kanka, buɗe ƙofar gida ba laifi. Idan kana kan Wi-Fi na filin jirgi, ko otal, ko shagon buga takardu, waɗanda ke kai ba 'yan gidanku ba ne, ka bar ƙofa a rufe. Idan kuwa VPN ɗin ta ma'aikatar da kake koyon aiki ce, ko ta makaranta, aka toshe da gangan, to katangar ba don a wahalar da kai aka gina ta ba. Kwamfutar da ƙafarta ɗaya ke cikin ofis, ɗaya ke cikin sadarwar da ba a sani ba, gada ce da ɓarawo zai iya takawa ya shiga inda ake ajiye albashin ma'aikata ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. Ɗalibin da ya tsallake wannan katanga da wayonsa ya saɓa amanar da aka ba shi, kuma in wani abu ya ɓaci, sunansa ne a rubuce. Garin neman gira kada a rasa ido. Abin da ya dace shi ne a je wa masu kula da sadarwa da lambobin nan uku da hoton jadawali, a faɗi bukata. Kafin su amsa, akwai hanyoyi biyu da ba su saɓa wa kowa ba: a haɗa firinta da kwamfuta da waya kai tsaye, ko a adana takarda, a kashe VPN, a buga, a sake kunnawa.

Kammalawa

Muna kira ga ƙungiya da ta nemi zama da sashen kula da sadarwa na makaranta a kan abu biyu: a manna lambar kowace firinta ta jama'a a jikinta, a kuma sanar da ɗalibai rukunonin lambobin da makaranta ke amfani da su, domin masu saka rauta a ɗakunansu su kauce musu. Wannan ba ya cin kuɗi, zai kuma rage cunkoson masu kai ƙara a makon miƙa kundi. Ga 'yan'uwa kuma, muna roƙon kowa in ya koma ɗaki yau ya buɗe jadawalin kwamfutarsa sau biyu, VPN na kashe da VPN na kunne, ya kwatanta, tun matsala ba ta zo ba.

Ya shugaba, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Muna sauraron tambayoyi da gyare-gyaren malamanmu.